Daren Da Kwaɗi Suka Juya

Ku matso kusa. Ladiyo, rage fitilar nan.

Kun san kwaɗi ba sa haihuwa sai a ruwan da aka haife su. Duk rani suna binne a ƙasa. Daren da ruwan farko ya sauka sai su fito, su miƙe zuwa tafki, masu kira na kira, masu bi na bi.

Tanimu na bakin fadama ya san haka, don kamun kwaɗi ne sana'arsa. Ya kama, ya busar, fatake su kai kudu. Matarsa Dije ce ke riƙe masa fitila, har shekarar da tafkin ya cinye ta. Tun daga nan shi kaɗai yake fita, fitila ɗaure a goshi. Ko magana ya rage.

Wata shekara aka yi yayyafi bayan isha'i, ƙasa ta yi ƙamshi. Ya ɗauki buhu.

Hanya cike da kwaɗi, duk sun fuskanci ruwa. A tsakiyarsu wata mace na tafiya, lulluɓe, ba ta taka ko ɗaya.

"Sannu, baiwar Allah."

"Ka daɗe," in ji ta, ba ta waiwayo ba.

Muryar Dije ce. Har 'yar dishewar nan tata.

Buhun ya suɓuce masa. Ya bi ta. Ya ga sawunta a laka, yatsun haɗe da fata, amma ya kau da kai. Shekara nawa ba wanda ya jira shi.

"Akwai sanyi can?" ya tambaya.

"Sai in mutum shi kaɗai ne."

Suka shiga tafkin. Ruwa ya kai masa idon sawu. Ya kai gwiwa.

Sai iska ta ɗauke. Hadarin ya watse, taurari suka fito. Ashe ruwan yaudara ne, damina ba ta zo ba. Tafkin ya yi tsit. Kwaɗin suka juya gaba ɗaya, suna gogar ƙafarsa, suna komawa tudu.

Ita kaɗai ba ta juya ba.

"Taho mana, Tanimu."

Nan ya tsaya cak. Dije ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaki. Malam take cewa, tana sunkuyar da kai.

Ya yi a'uziyya, ya bi kwaɗin da baya da baya, yana kuka, har ƙafarsa ta taka busasshiyar ƙasa.

Ya tsira. Amma kada in ji ɗayanku ya bi hanyar tafki shi kaɗai a ruwan farko.

Shi kuwa bai sake aure ba. Duk daren da hadari ya haɗu, da hannunsa yake ɗaure ƙafarsa a turken akuya, ya zauna yana saurare. Ya ce yanzu ta koyi cewa Malam.