Kyamarar Alhaji Salim da Ruwan Gandun Dashe

Bayan azahar Alhaji Salim ya leƙa tantinsa ya tarar kyamararsa ta yi ƙafa. A shekarar zaɓen farko ce, siyasa ta ishi kowa a Maradi, shi ya sa abokai huɗu suka fito shan iska bakin dajin Baban Rafi. Cikinsu har da Maman Lawali, ɗan sanda mai hutu, wanda ya so a bar shi da shayinsa.

Alhaji ya nuna Ilyasu, mai gadin sansanin. "Shi kaɗai ka shiga tantuna. Gobe sai na sa an kore shi."

Ilyasu na da iyali, kuma aiki ya yi wuya a lokacin. Tausayinsa ya kama Maman Lawali, ya ajiye kofi.

"Ina kake da hantsi, Malam Ilyasu?"

"Na sakar ma dashe ruwa, ranka ya daɗe, na kai Alhaji da kansa kallon tsuntsaye. Ban dawo ba sai tare da shi."

Alhaji ya yi tari, ya amsa haka ne. Saura Nabil, mai kantin atamfa a unguwar Zariya ta Maradi, da Abubakar Sadiq, manomin rani na Jiratawa mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa. Jam'iyyunsu ba sa ga maciji, su kuwa tare suke cin tuwo. Kowannensu ya ce barci ya yi.

Maman Lawali ya zaga bayan tantuna. Hanya ɗaya ce, ta ratsa gandun da ake renon dashen itatuwa zuwa wata tsohuwar kuka. A kogon kukar ya sami kyamarar. Da zai dawo ya tsaya kan kunyar wani kwamin dashe, ya yi murmushi, ya kira su.

"Ruwa ya ɓalle nan ɗazu," in ji shi. "Wani ya zo wucewa da gaggawa, amma ya tsaya ya toshe da laka, ya danne da diddige, ya juya ruwan ga kwamin gaba. Ilyasu na wajen tsuntsaye. Nabil ko ruwa zai cinye gandun, ɗage riga zai yi ya tsallake. Mutumin Jiratawa ne kaɗai ba ya iya ganin ruwa na ɓarna ya wuce. Ɗaga ƙafarka, Abubakar."

Ga laka nan ta bushe a diddigensa.

"Ba sata na yi niyya ba," Abubakar ya ce, kunya ta rufe shi. "Jiya Alhaji ya ɗauke ni hoto ina gyangyaɗi da hular jam'iyyar Nabil. In ya fita, na gama."

Alhaji ya roƙi Ilyasu gafara a gaban kowa, abin da ya yi wa Maman Lawali daɗi ƙwarai. Sannan ya buɗe bayan kyamarar ya nuna wa Abubakar, babu fim a ciki.

"Fim ɗin ya ƙare tun a garin Tibiri, kafin mu zo nan. Tsokanarka kawai nike."