Hannun Mai Walda

Hoton mutum, na wane ne? Na wanda ya danna kyamara, ko na wanda aka ɗauka? Har yau ban san amsa ba. Na dai san tambayar ta kusa raba wasu masoya biyu.

A shagon buga takardu suka haɗu, inda warin tawada ke bin mutum har gida. Ita ce mai zanen shagon: katin gayyata, tambarin kanti, allon talla, duk daga kwamfutarta suke fitowa. Shi mai hoto ne, ya kawo aiki a buga masa. Ya tarar ta zuba wa kwamfuta ido, shafin fari fat, ko ɗigo babu.

"Malama, zanen nan ya yi kyau," ya ce. "Farin ya fito sosai."

Ta harare shi. "In ka gama ba'a, ƙofa tana bayanka."

Bai tafi ba. Da ta huce, ta gaya masa ƙungiyar masu sana'ar hannu ce ta ba ta aikin allon taronsu, kwana huɗu ke nan kanta ya toshe. Duk hoton da ta samo a intanet na mutanen da ba su taɓa riƙe guduma ba ne, farce tas kamar na amare.

"Rufe kwamfutar nan," ya ce. "Abin da kike nema yana bakin titi."

Washegari da hantsi suka zaga layin masu sana'a. Ya nuna mata yadda tsatsa ke zane a jikin tsohuwar ƙofa, da yadda rana ke ratsa ƙurar katako a shagon kafinta. Ta koma da launi uku a kanta: jan tsatsa, baƙin gawayi, shuɗin wuta. Tun ranar take kiransa Mai Ido, shi kuma yana kiranta Launi.

"Launi," ya rubuto mata, "yau na ga gajimare mai kama da hararar da kika yi min. Na ɗauka, na ajiye."

"Mai Ido, ka nemi aikin yi. Ka ci abinci dai ko?"

Bayan sati biyu ya shigo shagon da sauri, ya miƙa mata kyamara. Hannun wani mai walda ne, daga nesa ya ɗauko shi. Jijiyoyi sun tashi, tartsatsi na zuba kamar ruwan sama, ƙaramin yatsa a karkace.

Murmushinta ya ɓace. "Wannan hannun Babana ne."

Shekara ashirin ke nan da tukunyar gas ta fashe ta ƙone rabin fuskar mahaifinta. Tun daga lokacin bai sake tsayawa gaban kyamara ba. Ko a taron dangi, da an ce a jeru, sai ya sulale.

"Goge shi," ta ce.

"Fuskarsa ba ta fito ba, Launi. Shekara bakwai ina neman hoto irin wannan. Ba zan goge ba."

Ita ma ba ta fita daga laifi ba. Da ya tafi, hoton ya hana ta sakat. Ta ɗora kwafin da ya bar mata a kwamfuta a kan launukanta uku, wai don ta gani kawai, sai ga allon da ta kasa yi ya tsaya cak a gabanta.

Mai shagon ya daɗe yana sonta, ta kuma daɗe tana kauce masa. Ya ga zanen a kwamfuta, ya buga shi, ya naɗe, ya kai wa Baba har wurin aiki.

Ranar da Mai Ido ya je gaisuwa gidansu, Baba bai ce masa ya zauna ba. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur.

"Yaro, wanda ya ɗauki abin mutum bai tambaya ba, me ake kiransa?"

"Baba, don girmamawa na..."

"Da ka girmama ni, da ka yi min sallama. Yau hannuna ka ɗauka a ɓoye. Gobe kuma me? Ba zan ba ka 'yata ba."

Umma, mahaifiyar Launi, ta so ta sa baki, ya ɗaga mata hannu.

Da yamma saƙon Launi ya shigo wa Mai Ido: "Ni na ɗora shi a allon, na kuma gaya wa Baba. Bai canja magana ba. Ba zan saɓa masa ba, amma ba zan so wani ba. Sauran yana hannunka."

Kwana shida yana jayayya da kansa. Titi na kowa ne. Hasken shi ya gani, lokacin shi ya kama. Amma duk inda ya zaga da hujjarsa, sai ya dawo kan karkataccen yatsan nan, wanda ba a hannunsa ya karye ba.

Rana ta bakwai ya tafi shagon walda da kyamara da kwamfutarsa. Ya yi sallama, ya tsaya har aka amsa.

"Baba, ga shi. Kwafi biyu ne a wurina, babu na uku."

Baba ya ɗage gilashin walda, ya daɗe yana kallon hoton. "Ashe haka hannun nan ya tsufa," ya ce a hankali.

Mai Ido ya goge na farko, ya goge na biyu. 

"Kana tsammanin wannan zai sa in ba ka ita?"

"A'a, Baba. Naka ne, shi ya sa."

Daga nan kullum da safe yana biyowa ya gaishe shi, wuyansa babu kyamara. Launi kuma ta sake allon da hannun wata tela, wadda suka roƙa tare, ta yarda tana dariya. Daga baya Launi ta bar shagon buga takardun, ta buɗe nata a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya.

A wata na huɗu Baba ya ce, kansa na kan ƙarfen da yake gogewa, "Kai, gaisuwar nan ta ishe ni. Ka turo manyanka."

Ranar aure, bayan an yi addu'a an sa albarka, dangi suka fara jeruwa a tsakar gida. Kowa ya san Baba zai sulale. Sai aka ji muryarsa.

"Mai Ido! Ina na'urar taka?"

"Haba, ango ne fa yau," in ji Umma.

"Ango ko ba ango ba, shi nake so."

Ya jawo kujera tsakiyar haske, ya zauna, ya juyo da ɓangaren fuskarsa da ya ƙone. Launi ta durƙusa kusa da shi, hawaye na bin kumatunta.

"Baba, in kana so, zan iya gyara tabon a kwamfuta."

"Kada ki taɓa. Da wannan fuskar na rene ki."

Mai Ido ya ɗaga kyamara, sai ya sauke ta. "Baba, ka ba ni izini?"

Baba ya ɗora hannunsa mai karkataccen yatsa a kan 'yarsa, ya dubi kyamarar kai tsaye.

"Allah ya yi muku albarka. Ɗauka."