Binciken Kawu Ya Ƙi Ƙarewa

Auta na guga a falo lokacin da Gwaggo ta faɗo gidan. Ta zauna a kujerar Baba, ta dire ledar maganin idonta a kan tebur, ta dubi Mama.

"Yaron nan mai gyaran firji da ke neman Auta, yau da idona na gan shi a asibitin unguwa. Kuma ba a layin masu zazzaɓi ba. Ƙofar baya ya shiga, ɗakin masu taɓin ƙwaƙwalwa."

Idon nan shi aka kai wa likita da safe saboda ba ya gani sosai, amma ba wanda ya ga dacewar tuna mata.

Auta ta jingine dutsen guga. "Na sani, Gwaggo. Duk Talata yake zuwa. Shi ya faɗa mini da bakinsa."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Ciwon damuwa ne. Da ƙanensa ya rasu a hatsarin babur, barci ya gagare shi, ya rufe shago wata huɗu. Yanzu yana shan magani, yana zuwa zaman da nas take yi da su. Ya samu sauƙi."

"Ai dama hauka ba ya warkewa, sai dai sauƙi," in ji Gwaggo, da murnar wadda aka kawo wa shaida har gida.

Mama ta fara hawaye. Kafin Baba ya dawo daga aiki, an riga an hango jikoki suna yawo a bola. Baba ya saurari kowa, ya ce a dakatar da maganar aure har sai Kawu ya yi bincike, kuma duk abin da Kawu ya ce, shi ke nan.

Kawu yayan Mama ne, tsohon hedimasta. Tun rasuwar matarsa shekara biyu da suka wuce ya tare a ɗakin bakin ƙofa, ba ya fita, ba ya hira, a kai masa abinci a ɗauko rabi. Gida kuwa suna kiran wannan dattako. A shekara talatin na aiki bai taɓa sa hannu a rahoton abin da bai gani ba, don haka ya ce da ƙafarsa zai je.

Washegari Auta ta biya shagon Mai Firji. Ta same shi tsugune a bayan wata tsohuwar firji da aka cire wa ƙofa, sukudireba a baki, tukunyar gas a gefe.

"Don Allah, ka daina zuwa asibitin na wata biyu kawai," ta ce. "Har a ɗaura. Sai in ce musu ka warke."

Ya cire sukudireban. "Ranki ya daɗe, in na daina, ba ni za ki aura ba. Wancan za ki aura, mai rufe shago ya kwana kallon silin. Ni kaina ba na shiri da shi."

"To in Kawu ya ce a'a?"

"Sai mu yi haƙuri. Amma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Ta koma gida tana kuka, rabi don tsoro, rabi don haushin ya fi ta gaskiya.

Ranar Talata Kawu ya saka tabarau, ya ɗauki biro da littafi, ya tafi asibitin. Da ya dawo, gida duka na falo.

"Bincike bai kammala ba," ya ce, ya shige ɗaki.

Talata ta biyu ma haka. Ta uku, Gwaggo ta tare shi a ƙofa.

"Malam, me yaron yake faɗa a can?"

"Doka ce a wurin, abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake kwana."

"Mu muka aike ka fa!"

"Kun aike ni in gani, ba ku aike ni in yi tsegumi ba."

Mako shida aka yi a haka. Auta ta rame, Mama ta rame don Auta ta rame, Kawu kuwa kumatu yake yi. Har ya daina tafiya da littafin. Da haƙurin Auta ya ƙare, ta ɗauki tiren abincinsa da kanta ta kai masa. Ta tarar yana aski yana bin waƙar rediyo.

"Kawu, don Allah, laifin me na yi maka? In a'a ce, ka faɗa in san inda dare ya yi mini."

Ya ajiye reza.

"Tun ranar farko na gama, 'yata. Kujerun roba ne a zagaye, da nas, da mutum goma sha wani abu: akwai direba, akwai mai jego, akwai ɗan sanda. Ba wanda ya tambaye ni me ya kawo ni. Sai da layi ya zo kaina nas ta ce, 'Baba, kai fa, yaya barci?' Shekara biyu ba a yi mini wannan tambayar ba." Ya goge kumfa daga haɓarsa. "Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai kuka ya riga ni. Yaron naki ne ya matso da kujerarsa kusa da tawa. Bai ce komai ba, kuma ya yi daidai."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In na ce bincike ya ƙare, da wane dalili zan koma?"

Auta ba ta san dariya za ta yi ko kuka ba, sai ta haɗa.

"Da dalilin da yake zuwa, Kawu."

Da yamma ya tara gida, ya miƙe tsaye kamar a gaban asambuli.

"Rahotona gajere ne. Yaron ya yi ciwo, ya nemi magani, bai ɓoye ba. Ni na yi irinsa, na ɓoye, kuka ce dattako ne. In masu zuwa ɗakin nan mahaukata ne, to kuna da ɗaya a bakin ƙofa, kuma Talata mai zuwa ƙarfe goma zai fita. A ba shi yarinyar."

Mama ta sake yin hawaye, wannan karon na kunya. "Yaya, a gidana kake, ban taɓa tambayarka ba."

"To yanzu kin tambaya," ya ce. "Da sauƙi."

Baba ya cika alkawari, aka yi biki bayan wata biyu. Gwaggo ba ta canja ra'ayi ba, sai dai ta rage faɗinsa, wanda a wurinta ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Mai haƙuri dai ya kan dafa dutse, Auta ta dafa nata mako shida. Darasin kuma ba mai tsawo ba ne: ciwon damuwa ciwo ne kamar kowanne, mai neman maganinsa ba abin gudu ba ne. Kafin a tafi binciken ɗan wani, a leƙa ɗakin bakin ƙofa a tambayi na gida yaya barci.