Fasfon Alhaji Bappayo

Ranar Lahadi da hantsi, Sufeto Inuwa Bamanga yana zaune a ofis ya cire takalmi yana murza ƙafa, sai ya ji hayaniya a kantar karɓar ƙara. Rabonsa da gadonsa tun shekaranjiya. Ritayarsa ta kusa, ba abin da yake nema a duniya kamar a ƙyale shi.

Kofur Theresa ta leƙo. "Yallaɓai, wani dattijo ne daga unguwar Dawaki. Ya ce ba zai yi magana da mai igiya biyu ba."

Kafin ya amsa, dattijon ya shigo da kansa, dogo, da babbar riga da sanda.

"Kai ne babba a nan? To, ni ne Alhaji Bappayo direba. Ban yi boko ba, amma na kai tirela Sudan tun babu kwalta. Sau uku mota tana kifewa da ni, ina fitowa ina kakkaɓe riga. Yau a ɗakina aka yi mini sata."

"Me aka ɗauka, Baba?"

"Fasfo."

Sufeto ya mayar da takalminsa a hankali. Sai da ya sha labarin 'yan fashin hanyar Chadi kafin ya kai ga maganar. Ɗan Alhaji, Nuruddeen, yana aiki da wani kamfanin jiragen sama a waje. Shi ya shirya wa tsohon tafiyar da ya daɗe yana cika baki a kanta: ya fita ta gabas, Misira, Indiya, Sin, ya tsallaka teku zuwa Amurka, ya dawo gida ta yamma. Wata da watanni zai yi. An fi shekara ana jele tsakanin Abuja da Legas kafin bizar ƙasashen nan ta taru a fasfo ɗaya. Jibi ne tashi. In ba a same shi ba, tafiya ta rushe, kuma a shekarun Alhaji ba a sake irin wannan shiri.

"Ko wane ne, a rufe shi," in ji Alhaji. "Ko ɗan cikina ne. Rubuta haka."

Theresa ta rubuta.

A turakar Alhaji kaya sun cika ƙasa: jakunkuna, bargo, butar alwala sabuwa, magungunan hawan jini, tocila har da batir. Ya yi shiri kamar zai bi hanyar daji da mota. Akwatin ƙarfen da fasfon yake ciki yana ƙarƙashin gado. Sufeto ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Kwaɗon lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Sabuwar waya da agogon da Nuruddeen ya aiko suna nan a ciki.

"Ina makullin yake zama?"

Alhaji ya ɗaga riga ya nuna igiya a ƙugunsa. "Nan. Sai in zan yi wanka nake rataye shi."

"Wa kake zargi?"

"Suhaib tela na Herwagana. Tun da ya ga fasfon nan idonsa bai sauka ba. Duk yaran yanzu waje suke son gudu."

Suka tarar da Suhaib yana taka keke, rigar sanyi mai kauri a gabansa. Da ya ga kaki sai ƙafarsa ta tsaya.

"Ka san fasfon Alhaji Bappayo?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Yallaɓai."

Sufeto ya ɗauki wata 'yar ciki da ke rataye, ya sa yatsu cikin aljihun ɓoye da aka ɗinka daidai ƙirji. "Wannan aljihun, da me ka auna shi?"

"Da shi. Ranar Laraba ya kawo. Amma wallahi ko minti biyar bai bari ya yi a hannuna ba. Tsoro ne ya sa na musa, Oga. Ku tambayi majalisarsu. Ranar Alhamis bayan la'asar ya fito da shi yana buɗe wa mutane shafi-shafi, yana cewa wannan tambarin na Sarkin Sin ne."

Mai shayin majalisar ya tabbatar da haka, ya ƙara da cewa su kam sun ƙosa Alhaji ya tafi kunnensu ya huta. Ke nan fasfo ya koma akwati ranar Alhamis da yamma, kuma tela bai taka gidan ba.

Suka koma Dawaki rana ta take. Theresa ta yi sallama ta shiga ciki, aka ba Sufeto izini ya biyo. Hajiya Jamilatu, matar Alhaji tun ƙuruciya, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Ƙaramar mace ce mai sanyin magana.

"Hajiya, kina shiga turakarsa?"

"Ni? Tun da ya fara tara kayan nan ban sa ƙafa ba. Ya ce kada a taɓa masa."

Sufeto ya tuna rigunan da ya gani a jaka, an ninke su tsaf an turara, kuma mutumin da ya gani ɗazu ko hularsa a karkace take.

Alhaji ya shigo yana faɗa. "Mutane sun yini a rana ba a ba su komai ba? Kawo musu dambun guzurina su ji abin da zan kai wa Turawa."

Hajiya ta ɗan yi jim, sannan ta tashi ta ɗauko gwangwani ɗaya daga cikin waɗanda aka jera a bakin ƙofa. Sufeto ya ɗiba ya kai baki. Da daɗi, ba laifi. Laushi gare shi, ga albasa, ga danshin romo. Ya tauna a hankali, ya shinshina gwangwanin. Dambun can ƙasa ya fara lalacewa.

Duk wanda ya yi zamanin doguwar hanya ya san dambun nama kala biyu ne. Akwai na ci a gida, akwai na matafiyi, wanda ake soyawa har ya bushe ƙayau, ba albasa, ba ɗigon ruwa, a bar shi ya sha iska kafin a rufe. Shi Sufeto ma ya sani. Da aka tura shi aikin kwantar da tarzoma a ƙasar waje, da irinsa ya rayu har ya dawo.

"Yaushe aka soya wannan, Hajiya?"

"Ranar Juma'a."

"Wa ya soya?"

"Wa zai soya?" Alhaji ya karɓe. "Ita take yi mini tun tafiyata ta fari. Dambun matar nan ya je Nyala ya dawo bai canja ba. Direbobi roƙona suke yi."

"To wannan ba zai kai Abuja ba, Baba."

Sufeto ya dubi Theresa, ya nuna murhu da haɓa. Ta ɗauki rariya ta nufi tokar da aka tara a bayan madafi. Ba ta daɗe ba ta dawo da wani abu a tafin hannu: guntun bango kore, ya ƙone ya nannaɗe, da ɗan saura na zanen zinariya.

Sufeto ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da tabarmar. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Mama, hannun da ya yi shekara arba'in yana guzuri ba ya mantuwa. Ranar Juma'a kin riga kin san ba inda za shi, shi ya sa kika yi na ci a gida. Shi kuwa sai yau ya san fasfo ya ɓata."

Hajiya ta ture farantin zogalen gefe.

"Da zai yi wankan Juma'a ya rataye makullin," in ji ta. "Wutar suyar ma da fasfon na hura ta."

Alhaji ya buɗe baki, magana ba ta fito ba. Tun da aka san shi a Gombe ba a taɓa ganin haka ba.

"Me ya sa?" Sufeto ya tambaya.

"Na gaji ne, ɗana. Duk 'ya'yan gidan nan ba wanda aka yi sunansa yana gari. Biyu na binne yana hanya. Sau uku ana zuwa a ce mini mota ta kife. Shi yana ba da labarin yadda ya fito, ba wanda ya taɓa tambayar yadda na kwana. Da ya ajiye tuƙi na ce to, na samu. Sai yaron nan ya aiko da tikiti. Na roƙe shi, ya ce mace ba ta san duniya ba." Ta goge hannu da gefen zane. "In zai mutu, ya mutu inda zan gan shi."

Sufeto ya miƙe da ƙyar. "Ƙona fasfo laifi ne, Mama. Dole ki biyo mu ki ba da bayani."

"A bar maganar," in ji Alhaji da wata murya da ba tasa ba. "Na janye."

"Kai ka ce a rubuta, Baba, an kuwa rubuta. Fasfo kuma kayan gwamnati ne. Sai abin da DPO ya ce."

Hajiya ta shiga ɗaki ta yafo mayafi. Ba ta yi gardama ba. Theresa ta riƙe mata hannu kamar mai raka uwa asibiti, suka ratsa ta gaban jakunkuna da gwangwanayen da aka jera.

Alhaji ya biyo su har zaure, ya manta sandarsa.

"Jamilatu. Yaushe za ki dawo?"

Ta juyo ta dube shi. "Kai ka taɓa gaya mini?"

Ta shiga bayan mota. Sufeto ya zauna a gaba ya jingina kai ya lumshe ido. Da za su sha kwana ya buɗe ya dubi madubi. Alhaji Bappayo yana tsaye a bakin zaure, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, yana kallon hanya.