Mai Kifin Unguwarmu

"Wa ya rubuta wannan?!"

Na fizge takardar daga jikin ƙofar unguwa. Wai daga yau an hana masu kifi shigowa, suna tada yara daga barci, suna leƙen gidajen mutane.

Mai kifi ɗaya ne ke shigowa unguwarmu a nan garin Aluva. Nishad. Kullum yakan ɗauko kifi daga bakin tekun Kochi, ƙarfe bakwai na safe ya iso kan babur ɗinsa. Shekara biyu ke nan muna son juna, ina kiransa Ikka, wato yaya.

Ga shi tsaye a waje, ƙanƙara na narkewa a akwatinsa.

"Rumaisa, ki bar shi kawai, zan nemi wata unguwar..."

"Wallahi ba inda za ka, Ikka! Gidan wa ka taɓa leƙawa?"

"Naku kaɗai, sanyin idona."

"Ni ba wasa nake ba!"

Na san aikin Zubaida ne, shugabar ƙungiyar unguwa, wadda muke kira Itha, wato babbar yaya. Tun da na ƙi ɗanta da ya dawo daga Dubai take neman hanyar ramuwa.

A gida ma ban samu sauƙi ba. Mahaifina ko kallona bai yi ba.

"Ki fita harkar yaron nan. Da ƙyar muka samu wurin zama cikin mutanen kirki."

"Uppa, sharri fa aka yi masa!"

"Na gama magana."

Ranar Lahadi aka yi taro a filin wasan yara, ƙarƙashin mangwaro. Zubaida Itha ta gyara mayafi.

"Mun gudo daga hayaniyar birni don 'ya'yanmu su tashi da tarbiyya. Mutanen bakin ruwan nan kuwa? Ƙarninsu ko sabulu bai fidda shi, har jikokinsu!"

Ban san sanda na miƙe ba.

"Itha, shekara biyu kina soya kifinsa, yau ne ya yi ƙarni?"

"Ku ji min marar kunya! Moidu Ikka, ka ja wa 'yarka kunne!"

Uppa ya tashi a hankali. Na runtse ido, ina jiran faɗa.

"Ubana masunci ne a Vypin," ya ce. "Da komarsa na yi karatu. Shekara ashirin ina ɓoyewa don kunyarku... Ga jikarsa nan. Matso ki shinshina ta, Zubaida!"



Ko ni ban taɓa sani ba. Hawaye suka zubo min.

Muna hanyar gida Uppa ya ce, fuska a ɗaure, "Ki ce wa yaron ya turo manyansa."

"Uppa..."

"Kar ki sa in canza shawara."

Bayan damina aka ɗaura aurenmu. Dangin Nishad suka zo cike da bas biyu, da ganguna, da tukwanen shinkafar biriyani da kifi. Yaran unguwa suka yi rawa har suka gaji.

Gida ɗaya ne ya rufe tagoginsa, gidan Zubaida Itha.

Nishad ya raɗa min, "Ki yafe mata, amaryata."

Ina ƙoƙari, Allah ya sani.

Amma har yau ban kai ba.