Ƙararrawar 'Yan Reluwe

Da yammacin Laraba Baba Elias ya ɗaga farin ƙyallen da ke kan tebur don ya kira mutane addu'a, sai ya tarar da littattafan waƙa an ɗora su ɗaya bisa ɗaya. Ƙararrawa babu ita.

Ba wata babba ba ce. Ta hannu ce, ta tagulla, da mariƙin katako da gumi ya baƙanta. Amma ita ce abin tinƙahon ƙaramin cocin nan na bayan tashar jirgi a Sabon Gari, domin ma'aikatan reluwe na farko ne suka zo da ita daga Kudu. Elias ke kaɗa ta tun yana saurayi, shi ke goge ta, mabuɗin cocin ma a wuyansa yake kwana. Saboda haka da Fasto ya kai ƙara, 'yan sanda ba su wahalar da kansu ba. Suka tasa ƙeyar tsohon.

Sufeto Shekari bai ji labarin ba sai da safiyar Alhamis. Ya daɗe a aiki har ya daina mamakin ɗan Adam, jin zafin ne dai bai daina ba. Ya sami Elias a bayan kanta, zaune a ƙasa, ya dafe kunnen dama. Na hagun ya daɗe da mutuwa, duk unguwa an sani.

"Baba, wa ya shiga cocin jiya?"

Sai da ya maimaita da ƙarfi tsohon ya ɗago.

"Baƙi ne, yallaɓai. 'Yan taron jami'a. An kawo su kallo."

"Ka ji ƙararta lokacin?"

"Ko kaɗan. Wanda ya ɗauke ta ya san ta. In ba ka riƙe harshenta ba, taku ɗaya za ka yi ta tona maka asiri."

Wani kurtu ya yi dariya daga bakin ƙofa. "Ka ji ko, yallaɓai? Da bakinsa. Wa ya san ta in ba shi ba?"

Shekari ya ga busasshen jini a wuyan rigar tsohon, daidai ƙasan kunnen dama. Ya je wurin maigidansa, shugaban ofishin, ya nemi a kai shi asibiti.

"Gobe kotu za a kai shi," in ji maigidan. "Su kuma waɗancan baƙin jami'a ne, gobe da azahar za su watse. Kada ka buɗe jakar wani farfesa ka jawo mana abin kunya."

Shekari ya hau babur ɗinsa sai Samaru, inda jami'ar take. Can ya sami Tabitha, ma'aikaciyar da aka ɗora wa zagayawa da baƙin.

"Ina da ina kika kai su?"

"Inda ake kai kowa, yallaɓai. Ganuwa, gindin dutsen Kufena, sai marina, kowa ya tsoma hankicinsa a baba yana murna kamar yaro. Daga nan kasuwar Sabon Gari, suka sayi kilishi da takalman fata."

"Cocin fa?"

"Ba ya cikin shiri. A mota aka yi ta cewa a ga gine-ginen reluwe, ban ma riƙe wanda ya fara ba."

"Kin shiga tare da su?"

"Ina! A cocin nan ba a shiga da takalmi. Ni na tsaya gadi. Takalman farfesoshi a Sabon Gari, in juya baya?"

Mai sayar da lemo a bakin cocin ta tabbatar da haka. Sai direban motar, Amaechi, wanda yayansa ke sayen tsoffin ƙarafa a Jushi. Shekari ya ɗan sa rai a kansa.

"Oga, ni ko ƙofar ban gani ba. Taya ta yi faci, na sauke su na wuce wajen mai faci. Je ka tambaye shi, har faɗa muka yi."

Ya je ya tambaya. Sun yi faɗan.

Saura baƙi, cike da mota, kowa da baƙar jakar taro iri ɗaya da ta ɗan'uwansa, kuma an hana shi taɓa ko ɗaya.

Ranar Juma'a da safe ya tsaya a bakin zauren taron, ba don yana da wata dabara ba. A gindin wata bishiya, Chuks mai hoto ya shimfiɗa tampol ya baza hajarsa, ya danne kowane hoto da tsakuwa. Haka sana'ar take: ka ɗauki mutum bai tambaye ka ba, ka wanko, in ya ga fuskarsa a ƙasa kunya ta sa ya saya. Shekari ya bi su da ido. Ga baƙi a kan ganuwa, ga su a Kufena sun kare rana da hannu, ga su a marina. Ga wani farfesa da kilishi a baki.

"Ba ka bi su coci ba ne?"

"Na bi su mana, Oga. Wancan ai ya ƙare tun jiya."

"Duka?"

"Kaf. Wata madam ta kwashe, har waɗanda ba ta ciki. Ni ma na yi mamaki. Mutanen nan nasu ma sai sun ce na ƙara musu hanci kafin su saya. Wa ke sayen fuskar wani?"

"Fim ɗin yana nan?"

Chuks ya dafa aljihu. "Fim ai ba na sayarwa ba ne."

Kafin a fara jawabin rufe taro an sake wanko su. Shekari ya ware biyu, ya nufi masaukin baƙi. Matar da ke cikin hotunan, Dakta Funmilayo, malamar tarihi daga Kudu, tana cusa kaya a akwati. Ta tare shi da Turanci mai sanyi. Ya ajiye hotunan a kan gado, ya yi mata magana da Hausa.

"Nan kina cire takalmi, jakarki a kafaɗa, shafal kamar ba komai ciki. Nan kuma kin fito. Kowa ya rataye tasa, ke kin rungume taki da hannu biyu kamar jariri. Mai tsoron ƙarar abu ne ke riƙe jaka haka. Ba wanda zai lura, Dakta, da kin sayi naki kin bar wa mutane nasu."

Ta dubi hotunan. Da ta buɗe baki, Hausa ce ta fito, ta 'yan Sabon Gari tsantsa.

"A layin bayan cocin nan aka haife ni."

Ta ɗaga zannuwa a akwatin. Ga ƙararrawar, an ɗaure harshenta da hankici mai shuɗin baba.

"Kakana ya kawo ta. Shi ya koya mini riƙe harshen. Da suka sami saɓani da dattawan coci suka kore shi, suka riƙe ta. Har ya mutu, in ya ji ƙarar cokali a kwano sai ya juyo. Shekaranjiya tsohon nan mai riƙe mabuɗi ya tsaya yana ba mu tarihi, ya lissafa kowa, bai ambaci sunansa ba. Ka gaya mini, Sufeto, wa ya fara sata?"

Shekari ya ɗauki ƙararrawar.

"Ban sani ba," ya ce. "Na dai san wanda aka daka saboda ita. Tsohon nan tun Laraba yana bayan kanta."

Ta zauna a bakin gado. "Na ɗauka sai Lahadi za a duba."

"Laraba ma ana addu'a. Wannan kakanki bai gaya miki ba?"

Maigidansa bai bar shi ya rubuta komai ba. Baƙuwa ce, mace ce, mai digiri ce, kuma kaya ya dawo, to me ake nema? Aka ce an tsinci ƙararrawa. Da azahar Dakta Funmilayo ta shiga mota tare da sauran, da kilishinta da takalman fatarta. Kurtun nan kuwa shi ya buɗe wa Elias ƙofa, har da ce masa a yi haƙuri.

Shekari ya goya tsohon a babur har coci. Fasto ya karɓe su da fara'a mai yawa, irin ta wanda ba ya son a tuna. Aka kwance hankicin, aka miƙa wa Elias abarsa. Ya shafa ta da gefen riga, ya fita bakin ƙofa ba takalmi, ya ɗaga hannu ya kaɗa.

Ƙarar ta ratsa layin har bakin dogo. Mai lemo ta miƙe tsaye. Mata suka leƙo daga gidaje, wata ta rangaɗa guɗa.

Elias ya tsaya. Ya juya ƙararrawar ya leƙa cikinta, ya taɓa harshen da yatsa. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, ya kai ta dab da kunnen dama. Sannan ya juyo wajen Shekari, idonsa cike da damuwa.

"Yallaɓai, sun lalata ta. Ba ta ƙara."

Shekari ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai ya tuna ba za ta isa kunnensa ba.