Mai Sayen Tsohuwar Kwamfuta

Ranar da Osvaldo ya sa tsohuwar kwamfutarsa a kasuwa, mai saye ta iso da tsakar dare. Ruwa ake shatatawa a birnin Recife, amma rigarta a bushe take.

Ta jona na'urar da talabijin, ba ta ko tambayi inda soket yake ba.

"Ɗauko mujallar nan, farfesa," in ji ta. "Karanto lambobin da ke haɗa wasan kwamfutar, in buga."

Haka suke yi da marigayiyar matarsa Dalva, yana karantowa daga mujalla layi-layi tana bugawa, har daren da wasan ya ƙi tashi, ya kira ta daƙiƙiya. Ba ta sake taɓa na'urar ba.

Yatsun baƙuwar na sauka kan maɓallai, babu ƙara ko ɗaya.

"To, wa ya yi kuskuren?" ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba.

Shi ne ya tsallake layi a wancan daren, ba Dalva ba.